Sukuwa Sai da Fage: Rajah Caruth da Samarinmu Masu Son Gudu



A ranar 1 ga Maris, 2024, a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 21 mai suna Rajah Caruth ya zo na ɗaya a tseren motoci na hukumar da ake kira NASCAR. Zagaye 134 suka yi a kan fage mai siffar ƙwai, jimillarsa kilomita 320 da ɗoriya, wato tafiyar da ta zarce nisan Njamena zuwa Bongor, kowa ƙafarsa a kan totur, mota na shaƙar hayaƙin mota. Tun da aka kafa wannan hukuma a 1948, shi ne baƙar fata na uku da ya taɓa cin tsere a ɗaya daga cikin manyan rukunanta uku. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ya sake ci a Nashville, ya rufe bakin masu cewa sa'ar dare ɗaya ce.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Bahaushen Njamena da wani yaro a Amurka. Ruwanmu da shi yana nan a bakin titunanmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidansa ranar kai amarya ya san abin da muke nufi: samari a kan babura suna ɗaga tayar gaba sama, motoci suna juyi a tsakiyar kwalta har roba ta yi ƙauri, ƙananan yara sun firfito kallo babu mai riƙe da hannunsu, tsofaffi suna jan jiki zuwa gindin katanga suna salati. Idan aka watse lafiya, a ce biki ya yi armashi. Idan kuwa aka sami akasi, maganar zauren dattawa take dawowa: zaman makoki, zirga-zirgar asibiti, tsayuwa a ofishin 'yan sanda, sannan diyya, wadda a ƙasar nan kowa ya san jama'ar mutum ne ke taruwa su haɗa ta. Mu da aka ɗora wa riƙon alƙalami a zauren dattawa mun san nauyin takardar nan da ake zagawa da ita gida-gida, mun san yadda fuskar ɗan kasuwa ke canjawa idan ya ji dalilin karo-karon, mun kuma san cewa kuɗin ba su taɓa tayar da wanda ya kwanta dama ba.

Shekara da shekaru maganinmu ɗaya ne, tsawa da hani. A yi wa'azi, a kira uban yaro a yi masa faɗa, hukuma ta kama babur ta riƙe kwana biyu, sai a lafa, bikin gaba kuma a koma 'yar gidan jiya. Ra'ayinmu shi ne son gudu ba ya fita daga jinin saurayi da tsawa, kamar yadda bai fita daga jinin kakanninmu mahaya dawaki ba. Abin da ake iya yi masa shi ne a yanka masa fage, a gindaya masa doka, a sa masa ubangida. Labarin Rajah Caruth hujja ne a kan haka, sai dai samarinmu suna kallon rabinsa a wayoyinsu, mu iyaye kuma ba mu kalli ko rabin ba.

An haifi yaron a 2002 a Atlanta, ya tashi a birnin Washington, inda babu fagen tseren mota, kuma a danginsa babu direban tsere. Wannan ba ƙaramin cikas ba ne a sana'ar da galibi gado ce, wadda 'ya'yan masu ita ke fara tuƙa 'yan ƙananan motocin tsere tun suna shekara biyar ko shida. Yana ɗan shekara 12, a 2014, aka kai shi kallon tsere a Richmond, daga nan abin ya shiga ransa. Sai da ya kai shekara 16, a 2018, sannan ya fara tsere, kuma a kwamfuta ya fara, a wata manhaja mai suna iRacing, inda mutum ke zama a ɗakinsa da sitiyari da abin taka birki da totur, yana fafatawa da wasu ta intanet. A nan ne dattijo zai taɓe baki ya ce wasan yara. Mu ma da an ce mana a bar yaro ya kwana a gaban allo ba za mu sa hannu ba. Amma a duba yadda aka tsara abin. Manhajar tana rubuta kowane karo da mutum ya yi, da kowace fita daga hanya, tana rage masa maki a kansu, kuma ba ta barinsa ya hau aji na gaba sai ya nuna zai iya tuƙi cikin mutane ba tare da ya buge kowa ba. Tun a cikin wasa, ganganci yana da farashi. William Byron, wanda ya ci babban tseren Daytona 500 a 2024 da 2025, shi ma ta wannan ƙofa ya shigo.

Daga kwamfuta ne wani shiri na NASCAR da aka kafa a 2004 domin jawo 'ya'yan tsiraru da mata cikin sana'ar ya hango shi. A 2019 aka zaunar da shi cikin 'yar ƙaramar motar tsere ta gaske. Bayan ita aka ba shi wadda ta fi ta, a ƙananan fagage na karkara inda 'yan kallo ba su taka kara sun karya ba. A 2022 ya yi kaka guda cur a wani rukuni na share fage, ya ƙare na uku. Sai a 2023 ya sami gurbi na dindindin a rukunin motocin a-kori-kura, wanda shi ne na ƙasa a cikin manyan rukunan uku, kuma duk wannan shekarar bai ci ko sau ɗaya ba. A ƙarshenta ma ƙungiyar da yake tuƙa wa mota ta rufe ƙofa, ya zauna babu mota, har sai da kamfanin sayar da motoci na wani attajiri, Rick Hendrick, ya ɗauki nauyinsa. Tsani ne mai matakai, kuma babu matakin da aka bar shi ya tsallake. A cikin wannan hali bai ajiye karatu ba, domin a watan Disamba na 2024, shekarar da ya ci Las Vegas, ya karɓi digirinsa a jami'ar Winston-Salem, a fannin tafiyar da harkar tseren motoci. Ga dukkan alamu iyayensa sun ɗauki son ransa da muhimmanci, sun kuma riƙe linzamin.

Ya kamata mu faɗi asalin wannan wasa, kada a ce mun yi masa kwalliya. Tushensa ba abin alfahari ba ne. A kudancin Amurka, masu fasa-ƙwaurin barasa ne suka riƙa gyara injinan motocinsu domin su tsere wa hukuma cikin dare, daga baya suka fara gwada junansu a filaye don a san wa ya fi wani. Motocin irin waɗanda ake saya a kasuwa ne, daga nan sunan wasan ya samo asali, ko da yake na yau ƙirar musamman ce, fatar waje kawai ta yi kama da motar gida. Wani makanike mai suna Bill France ne ya tara masu abin a Daytona, a jihar Florida, aka rubuta doka ɗaya, aka tsayar da alƙalai, aka san ladan wanda ya ci. Wato su ma da ganganci a kan hanyar jama'a suka fara, kamar samarinmu, sai aka sami wanda ya janye abin daga titi ya kai shi bayan shinge.

Baƙar fata na farko da ya ci a babban rukuni shi ne Wendell Scott, mutumin Danville a jihar Virginia, direban tasi kuma makanike, wanda 'ya'yansa ne ke sauya masa taya. A ranar 1 ga Disamba, 1963, a Jacksonville, ya riga kowa kammala tsere, amma aka ɗaga wa wani Bature tuta, aka ba shi kofi. Sai da jama'a suka watse sannan alƙalai suka ce sun sake lissafi, Scott ne ya ci. Har ya rasu a 1990 kofin bai shiga hannunsa ba, sai a 2021 aka miƙa wa iyalansa madadinsa. Tsakanin nasararsa da ta baƙar fata na biyu, Bubba Wallace, kusan shekara hamsin ne. Mu da muke zaune a matsayin tsiraru a ƙasar da muke ƙauna mun san ɗanɗanon irin wannan jira, ko da namu bai kai nasa ɗaci ba. Abin lura a nan shi ne dokar da aka so a murɗe masa ita ce dai ta tilasta a dawo masa da haƙƙinsa, domin an rubuta zagayen kowa a takarda. A kan titi babu takarda, babu alƙali, mai ƙarfi da ɗan mai ƙarfi su ne kullum da gaskiya.

Yanzu ga abin da samarinmu ba sa gani a cikin 'yan gajerun hotunan da suke tura wa juna. Direban da suke sha'awa yana zaune ne cikin kejin ƙarfe da aka walda a cikin motar. Jikinsa ɗaure yake da ɗamaru, kayansa ba sa kama wuta da wuri, kansa cikin hular kwano, hular kuma an ɗaure ta da wani abu da ke kan kafaɗunsa don kada wuya ya karye. Can saman rumfar 'yan kallo akwai mutum guda da ba shi da aiki sai gaya masa ta rediyo wa ke damansa, wa ke hagunsa. Motar asibiti da ta kashe gobara suna tsaye injinsu a kunne. Kowa hanya ɗaya ya fuskanta, babu mai tahowa daga gaba, babu akuya, babu amalanke, babu yarinya mai tallan gyaɗa. Kuma da jini suka sayi wannan tsari. A ranar 18 ga Fabrairu, 2001, Dale Earnhardt, gwarzon da ya riƙe kambu sau bakwai, ya daki bango a zagayen ƙarshe na Daytona 500 ya mutu a gaban miliyoyin masu kallo. Bayan mutuwarsa aka wajabta abin kare wuya, aka sauya bangayen fagage da irin waɗanda ke shanye ƙarfin karo. Daga ranar zuwa yau babu direban da ya sake mutuwa a tsere a manyan rukunan uku, alhali motocin babban rukuni suna kai wa kilomita 300 a awa. A gefe guda kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowa asara. Saurayin da ke ɗaga taya a kan titin unguwa da silifa a ƙafarsa ya fi Rajah Caruth kusa da kabari nesa ba kusa ba.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka muna cewa ɗansa zai tafi Amurka ya yi arziki da sitiyari. Dubban yara ne ke wannan tsere na kwamfuta, waɗanda suka kai ga motar gaske ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kakar tsere guda tana cin kuɗin da babu mai su a cikinmu, kuma mun ga yadda shi kansa Caruth, da duk ƙwarewarsa, ya kusa zama a gida don rashin mai ɗaukar nauyi. Ga wutar lantarkinmu da kowa ya san halinta, ga tsadar intanet. Wanda ya sayar wa yaro wannan mafarki ya cuce shi. Abin ɗauka a labarin shi ne tsanin, ba ƙasar da aka jingina shi ba.

Mun ma taɓa ganin tseren duniya da idanunmu a garin nan. A farkon 1992, gasar nan da aka fi sani da Paris-Dakar ta sauya hanya ta nufi Cape Town a Afirka ta Kudu, ta ratso Libiya, ta bi ta Dirku da Ngigmi a Nijar, ta sauka Njamena, ta wuce Sarh. Da yawa daga cikinmu muna samari a lokacin, mun ga motoci masu launi-launi da manyan babura da jirage masu rakiya. 'Yan uwanmu na Agadas sun fi mu ganinsu, shekara da shekaru suna yada zango a can. To me suka bari? Ƙura da labari. Babu makarantar tuƙi, babu fage, babu yaro ɗaya daga unguwanninmu da aka ce zo ka koya. A 2009 gasar ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya, inda a 2025 ɗan ƙasar, Yazeed Al-Rajhi, ya cinye ta. Kallo kaɗai ba ya haifar da gwani, ko shekara nawa aka yi ana yinsa. Sai dai ya bar wa yaro sha'awa, ya tafi da ita inda ya ga dama.

Abin mamaki shi ne mu Hausawa ba baƙi ba ne a wajen wannan tsani, mun taɓa gina irinsa da hannunmu. Kakanninmu da suka zauna a nan tun garin yana Fallomi, wasu fatauci ya kawo su, wasu hanyar Makka ce ta ajiye su. Da mota ta zo, 'ya'yansu suna cikin waɗanda suka riƙe hanyar Kano zuwa Maiduguri, Gamboru, Kuseri, har Abeshe da Adre da ƙetaren iyakar Sudan. Ta yaya mutum ke zama direban gingimari a wancan zamani? Karen mota yake fara zama. Ya wanke mota, ya dafa wa ubangidansa shayi, ya diro da gudu ya sa weji a bayan taya idan an tsaya a hawa, ya kwana a ƙarƙashinta yana gadi, ya koyi sunan kowane ƙarfe da sifanar da ke kwance shi. Sai ya shekara biyu ko uku kafin a ce masa ja ta gaba kaɗan a cikin tasha. Ran da ubangida ya yaye shi, sunan ubangidan ne ke tafiya tare da shi, in ya yi ganganci a hanya za a ce yaron wane ne, kunyar ta koma gidan da ya koya. Yau yaro zai sami babur da safe, kafin la'asar ya zama ɗan kilando yana ɗaukar matar aure da goyo. Babu wanda ya yaye shi, don haka babu wanda zai ji kunya a kansa.

Haka nan a wajen doki. Wanda ya taɓa ganin hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga jahi, inda mahaya ke sako dawaki a guje kamar za su tattake sarki, sai a gabansa su ja linzami, doki ya turje ya tsaya cak, su ɗaga hannu su yi gaisuwa. Gudun kowa na iya yinsa, doki ne ke yi ba mahayi ba. Tsayawar ce ake yi wa guɗa. A nan Njamena ma masu dawaki suna da filinsu da ranakunsu da alƙalansu, ba mu taɓa jin sun ce sai a tsakiyar kasuwa za su gwada wa ya fi wani ba. Littattafan da muka durƙusa muka karanta a gaban malamai su ma ba su yi shiru a kan wannan ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, can wajen ƙarshenta, an kawo maganar tsere da dawaki da raƙuma da gasar harbi, an halatta, an kuma sa sharuɗɗa a kan ladan wanda ya ci domin kada abin ya rikiɗe ya koma caca. Hukuncin tseren inji na malamai ne, su za su faɗa. Mu dai abin da muka fahimta shi ne magabata sun san saurayi zai yi tsere, sai suka shata masa iyaka. Jefa ran mai wucewa cikin haɗari kuwa, wannan babu saɓani a kansa.

Saboda haka muke ganin lokaci ya yi da jama'armu za ta nemi izinin hukuma a ware fili a bayan gari, a lokacin rani, a kewaye shi, 'yan kallo su tsaya nesa a bayan tsofaffin tayoyi da igiya. Da babura za a fara, tunda su ne a hannun yaran. Wanda ba shi da lasin tuƙi da hular kwano da takalmi rufaffe ba zai shiga ba, kuma iyayen gidan gareji su duba birki da taya kafin a ɗaga tuta. Gasar kuma kada ta tsaya a kan gudu kaɗai. A ja layi a ƙasa a ga wa zai taho a guje ya tsaya a kansa bai gota ba, wato jahin wannan zamani. A jera tayoyi a ga wa zai ratsa su bai taɓa ko ɗaya ba. A ajiye inji a kwance a ga wane yaron gareji zai haɗa shi ya tashi kafin ɗan uwansa, domin a can Amurka ma direba mutum ɗaya ne cikin ayari: a babban rukuni mutum biyar ne ke tsallake katanga su sauya taya huɗu su zuba mai cikin sakan goma ko kusa da haka, kuma sau da yawa a hannunsu ake ci ko a faɗi. Bayansu ga injiniyoyi da masu walda da masu zane. Mu tuna da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda son zanen mota tun yana yaro ya kai shi karatu a Detroit, ya yi aiki da kamfanin General Motors, ya zana motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Najeriya. Son mota ƙofofi gare shi da yawa, sitiyari ɗaya ce daga ciki, kuma ba ita ta fi faɗi ba.

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce ana fama da abin sawa a tukunya, ga tsadar mai, wa ke da sukunin ƙona fetur a wasa. Gaskiya ne. Amma fetur ɗin ana ƙona shi yanzu haka, a kan titi, kuma kuɗin diyya guda ɗaya da muke haɗawa sun isa su kewaye fili su sayi huluna masu yawa. Za su ce caca za ta shigo. Za ta nemi shigowa, kamar yadda take laɓe a gefen ƙwallo da kokawa da dambe, kuma maganinta idon dattawa a wurin da lada bayyananne daga hannun masu ɗaukar nauyi, ba daga aljihun masu tsere ba.

Ƙorafin da ya fi waɗannan ƙarfi shi ne na masu cewa idan aka buɗe fage an ɗaure wa abin gindi ke nan, yaron da a da yake tsoro zai ga ai manya ma sun yarda, kuma wanda ya saba gudu a fili ba zai bar shi a fili ba. Wannan tsoro ba za mu ce babu shi ba, kuma za a sami yaran da za su gaskata shi. Amsarmu ita ce a dubi halin da ake ciki yau. Saurayin da ya yi ganganci a bikin aure ba shi da abin da zai rasa a wurinmu. Ba mu ba shi komai ba, balle mu karɓe. Faɗanmu iska ne a kunnensa, tafin abokansa kuwa nan take yake samunsa. Amma ran da ya zama yana da suna a fage, yana da lamba a bayan rigarsa, ana jiran a ga ko zai kare kambunsa ranar Lahadi, to ran nan mun sami linzami. Duk wanda aka gani yana wasa da babur ko mota a ayarin amarya ko a kan titin jama'a, a hana shi fage kaka guda, a kira sunansa a gaban 'yan uwansa a faɗi dalili. Haka masu abin suke yi. A watan Oktoba na 2022, a wannan fage na Las Vegas, Bubba Wallace ya fusata ya daki motar abokin karawarsa da gangan, hukumar ta dakatar da shi daga tsere na gaba, ba ta dubi sunansa ba, ba ta kuma dubi cewa shahararren ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan na cikin masu ƙungiyar da yake tuƙa wa mota ba.

Akwai kuma rabon da ke kanmu iyaye, wanda ba ya jiran fili ko izinin kowa. Ayarin amarya ba daga sama yake faɗowa ba, gida ne ke tara shi. Uban ango da waliyyin amarya suna da ikon su faɗa tun ranar sa rana cewa mota kaza ce za ta kai amarya, wane ne zai ja gaba, kuma wanda ya zo da wasa a tsaya har sai ya bar ayarin. Muna iya tsayawa kai da fata a kan sadaki da kayan ɗaki har a yi fushi, bai kamata a ce wannan ce ta fi ƙarfinmu ba. Iyaye mata su ma, waɗanda guɗarsu ke ƙara wa yaran ƙaimi ba da nufi ba, su ne suka fi kowa zama a bakin gadon asibiti idan abin ya faru, kuma idan suka ce a'a a cikin gida, an gama.

Kafin a ɗauki takarda zuwa ofishin magajin gari, muna ganin a fara zama da iyayen gidan gareji na Dembe da Digel da Farsha, da shugabannin 'yan kilando, da masu dawaki waɗanda suka riga mu sanin yadda ake tsare fage, da maƙwabtanmu na sauran ƙabilu, tunda titin na kowa ne kuma 'ya'yansu tare da namu suke wannan wasa. A kira tsofaffin direbobin hanyar Abeshe da suka ajiye sitiyari, a ba su kujerar alƙalanci. A kira samarin su kansu, musamman waɗanda aka fi kuka da su, a zaunar da su a kan tabarma a ji ta bakinsu, domin su ne suka san wane fili a bayan gari ƙasarsa ke yin tauri idan ruwan damina ya janye.